An daina biyan abonema, hoto bai ɗauke ba: sata ce, bashi ne ko rabo?

Magidanci ya ga kuɗin makarantar yara ya taho, farashin shinkafa bai sauka ba, sai ya kira yaron da ya ja masa igiyar tele ya ce daga ƙarshen wata a cire gidansa. Yaro ya ce to, Alhaji. Wata ya mutu, wani ya tsaya, hoto na nan tar, har da tashoshin ƙwallo. Wani kuma haya ya kama a Bukoki ko Wadata, ya tarar da farar waya ta leƙo ta taga, ya soka ta a bayan tele don ya gwada, sai ga tashoshi sun cika. Ba wanda ya zo karɓar kuɗi, ba wanda ya zo yankewa. Irin wannan ne ake kai ruwa rana a kansa a fada a Yamai: wanda ya ci gaba da kallo, ya yi laifi ko bai yi ba?

Amsa biyu aka fi ji, kuma kowace ta yi gaggawa. Masu cewa rabo ne hujjarsu ita ce sun faɗa, an ji, ba a zo ba, don haka sakacin wani ba zai zama zunubinsu ba. Masu cewa sata ce abu ɗaya suke dubawa: abin nan sayar da shi ake yi, kai kuma kana mora ba ka biya. Ni abin da nake gani shi ne, wanda bai ɗaga hannu ya taɓa komai ba da wuya sunan ɓarawo ya hau kansa a gaban alƙali, amma hakan bai mayar da hoton nasa ba. Tsakanin abin da ke kai mutum gidan kaso da abin da ya halatta gare shi akwai bashi, kuma yawancin wannan magana a nan take.

Sai an san dalilin da ya sa hoton ke tsayawa kafin a je ga doka, domin hukuncin a kansa ya rataya. Tsohon tsarin igiya ba shi da kulle. Hoto yana bin waya ya shiga duk gidan da aka haɗa, kuma hanyar hana mutum ɗaya ce: ma'aikaci ya zo da tsani, ya hau poto ko katanga, ya kwance wayar da hannunsa. A Amurka, inda wannan sana'a ta fara tun ƙarshen shekarun 1940, an sha barin gidaje a haɗe bayan masu su sun daina biya, saboda tura mota da ma'aikaci kuɗi ne, kuma ana sa ran wanda zai shigo gidan a gaba zai nemi a haɗa shi. Tsarin dekoda daban yake. Hoton a kulle yake zuwa, mabuɗinsa yana sauyawa duk bayan ƴan daƙiƙu, katin da ke cikin dekoda ne ke buɗewa, kuma kamfani ne ke aiko wa katin saƙo ta iska mai ɗauke da tashoshin da aka yarje masa da ranar da izinin zai ƙare. Shi ya sa mai parabol ɗin Canal+ a nan Nijar, da yake biya yake kafin ya kalla, ba ya bukatar ya je ya ce ya daina. Rana tana cika allo zai sanar da shi. A 2012 hukumar sadarwa ta Amurka ta ba kamfanonin igiya da suka koma tsarin dijital izinin kulle har tashoshin matakin farko, wato na abonema mafi araha, sai matsalar ta ragu ƙwarai a can. A wurinmu inda ta rage su ne igiyar unguwa da wani ke ja daga gida zuwa gida, gidan haya mai dekoda ɗaya da aka raba wa ɗakuna, ofisoshi da otal-otal masu biyan shekara ko ta banki, sai kuma kuskuren kwamfutar kamfani da kan faru jefi-jefi.

Ba kuma duk abin da ya rage a allo ne na sayarwa ba. Télé Sahel kyauta ake watsa ta, haka tashoshi masu zaman kansu na Yamai da ake kamawa da eriya, haka Arewa24 da tashoshin wa'azi da dama da ke kan tauraron ɗan'adam a buɗe. Wanda abin da ya rage masa ke nan babu wata magana a kansa. Haka wanda ya ce ya daina ranar goma ga wata alhali ya biya har talatin: sauran kwanakin haƙƙinsa ne. Haka idan kamfani da kansa ya buɗe tashoshi na ƴan kwanaki don talla. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne akasin wannan. Sau da yawa hoton bai ɗauke ba ne domin ba a rubuta sokewar ba sam. A littafin mai igiya ko a kwamfutar kamfani mutum yana nan a matsayin mai abonema, kuɗi na taruwa a kansa wata bayan wata, ko ana cirewa daga asusunsa bai lura ba. Yana murnar ya samu banza, ashe faktir ce ke jiran sa.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar, ta 1961 wadda aka yi wa babban gyara a 2003, ta ɗauki ma'anar sata yadda ta gaje ta daga dokar Faransa: mutum ya ɗauke abin da ba nasa ba da mugun nufi. Sai an samu abu, an samu ɗaukewa, an samu niyya. Kuma ƙa'ida ce a shari'ar laifi cewa alƙali ba ya ja wa aya wuya don ta kai inda ba ta kai ba. Abin da doka ba ta ambata a matsayin laifi ba, ba a hukunta shi ko da ya yi muni a ido. Wannan ƙa'ida ta taɓa sa Turawa cikin ruɗani a kan wutar lantarki. A 1896 da 1899 babbar kotun Jamus ta ce kuran ba abu ba ne da za a iya ɗauka, saboda haka janye shi ba sata ba ne a ma'anar doka, har sai da majalisarsu ta yi doka ta musamman a 1900. Kotun ƙolin Faransa kuwa a 1912 ta ce ana satar kuran, tunda yana fita daga hannun wani ya shiga hannun wani kuma ana iya auna shi. Da aka buɗe Canal+ a Faransa a watan Nuwamba na 1984, masu ƙera dekodar bogi suka fito, sai tambayar ta dawo da sabuwar fuska. Kuran da ka ja ya ragu a wurin mai shi, amma hoton da ka kama a iska bai bar hannun kowa ba. Ayar sata ta kasa riƙe su, sai da majalisar Faransa ta yi doka ta daban a watan Yuli na 1987 a kan kama tashoshin kuɗi ta hanyar zamba. Ke nan ko a ƙasar da muka ɗauko dokarmu, wanda ya ƙera na'ura da gangan don ya fasa kulle ma sai da aka rubuta masa aya tasa. Ina ga wanda yana zaune a ɗakinsa hoto ya ci gaba da shigowa.

Batun ɗaukewa ya fi wannan bayyana. Ka sayi sukari a shagon unguwa, mai shago ya ruɗe ya ba ka canjin jika biyar a maimakon na jika biyu, ka gani, ka sa aljihu. Ka yi abin kunya, kuma kuɗin ba naka ba ne, amma kotunan Faransa sun daɗe a kan cewa wanda aka miƙa wa abu bisa kuskure bai ɗauke shi ba, miƙa masa aka yi. Damfara kuma tana bukatar dabara: sunan ƙarya, matsayin ƙarya, ko wani shiri da aka ƙulla don a yaudari mai abu ya bayar. Yin shiru kaɗai bai kai wannan ba. Da yake lafazin dokarmu da tasu tushe ɗaya ne, wannan fahimta tana da nauyi a wurin lauyoyi da alƙalanmu. Saboda haka mai barazanar kai magidanci kwamisariya a kan cewa ya saci hoto, alhali shi ne aka ce ya zo ya yanke bai zo ba, ƙafarsa ba ta kan ƙasa mai ƙarfi.

Ƴan uwanmu da ke zaune a waje su sani ba ko'ina ne haka ba. Dokar igiyar talabijin ta Amurka ta 1984 ba ta tsaya a kan ɗaukewa ba. Ta hana mutum ya karɓi duk wata hidima da ke bin igiyar kamfani sai da izinin kamfanin ƙarara. Wanda ya yi da gangan yana iya fuskantar tarar da ta kai dalar Amurka 1,000 ko ɗaurin wata shida, wanda ya yi don kasuwanci kuwa dalar Amurka 50,000 ko shekara biyu a karon farko, ban da diyyar da kamfani ke iya nema. A Ingila dokar haƙƙin mawallafa ta 1988 da dokar zamba ta 2006 suna kama wanda ya karɓi shiri ko hidima ta rashin gaskiya da nufin kauce wa biya. A waɗannan ƙasashe tambayar alƙali ita ce: ka sani, kuma ka nufa?

A nan gida ma hannu yana motsawa magana ta sauya. An zo an yanke, dare ya yi mutum ya hau ya mayar. An turo yaro ya yanke, aka ja shi gefe aka ba shi na shayi ya koma ya ce ya yanke. An kira an tambaya ko hoto ya ɗauke, aka ce ya ɗauke. Duk waɗannan sun fita daga sakacin wani sun shiga aikin mutum da kansa, kuma ayoyin zamba da cin amana da haɗin baki suna kusa da su. Na biyun ya fi ba ni haushi, domin yaron da aka ba jika ɗaya shi ne zai rasa aikinsa ranar da asiri ya tonu, mai gidan kuwa ya ce bai san zance ba. Sai masu sayen dekodar da aka yi wa dabara tana karɓar mabuɗi ta intanet daga katin wani a wata ƙasa. Wannan fasa kulle ne kai tsaye, kuma Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun watan Yuli na 2019, wadda ta hana kutsawa cikin tsarin kwamfuta ba da izini ba. Wanda kuma ya ga hoto ya tsaya sai ya ja wa maƙwabta waya yana karɓar na wata, ko ya jera benci yana karɓar dala ashirin a kan kowane yaro ranar wasa, ya shiga hurumin dokar haƙƙin mawallafa ta Disamba 2010 da yarjejeniyar Bangui ta 1977 da Nijar take ciki, waɗanda suka ba gidajen watsa shirye-shirye ikon yarda ko hana a sake watsa kayansu. Ga wannan mutum uzurin an manta ba a yanke ba ba shi da amfani ko kaɗan.

Mu koma ga wanda bai taɓa komai ba, domin shi ne mafi yawa, kuma shi ne ya cancanci a yi masa bayani dalla-dalla. Mu Hausawa mukan ce shiru ma amsa ce. A zaman gida haka ne. A dokar ciniki ba haka ba ne, kuma wannan ya yi wa kowane ɓangare daɗi ya kuma yi masa ɗaci. A 1870 kotun ƙolin Faransa ta duba ƙarar wani banki da ya rubuta wa mutum cewa an sa sunansa cikin masu sayen hannun jari, mutumin bai amsa ba, banki ya zo neman kuɗi. Kotu ta ce shirun mutum kaɗai ba ya ɗaure shi. Idan aka ɗora wannan a kan maganarmu, kamfani ko mai igiya ba zai ce tunda ba ka sake kira ba ai ka sabunta abonema ba. Yarjejeniyar da aka soke ta mutu, kallon tele ba ya tayar da ita. Amma da wannan ma'auni dai, kai ma ba za ka ce tunda ba su zo ba ai sun ba ka kyauta ba. Kyauta sai da niyyar mai bayarwa, mantuwa kuwa ba niyya ba ce. Shiru bai ƙulla ciniki ba, bai kuma ƙulla kyauta ba.

To idan babu yarjejeniya, ta ina bashi zai fito? Kundin dokokin mu'amala da muke aiki da shi, mai asali daga na Faransa na 1804, ya tanadi wannan. Aya ta 1376 ta ce wanda ya karɓi abin da ba haƙƙinsa ba ne, bisa kuskure ne ko yana sane, wajibi ne ya mayar wa wanda ya karɓa daga gare shi. Aya ta 1378 ta ƙara wa wanda ya karɓa da mugun nufi nauyi: ya mayar da uwar kuɗi har da abin da ta haifa. Hoto ba a mayar da shi, an riga an kalla, don haka abin da za a nema shi ne kimarsa. A nan ne wata ƙa'ida da alƙalai suka gina ke shigowa, wadda ta samo asali daga shari'ar wani mai sayar da taki mai suna Boudier a 1892. Ya ba wani manomi mai hayar gona taki bashi, manomin ya karye, ya bar wa mai gonar amfanin da ke tsaye. Mai taki ya kai mai gona ƙara, alhali babu wani ciniki a tsakaninsu, kuma ya yi nasara, domin kotu ta ce bai dace wani ya ƙaru da asarar wani ba tare da dalili ba. Wannan ita ce ƙofar da mai igiya zai bi idan ya nemi kuɗin watannin da aka kalla.

Ƙofar ba a buɗe take gaba ɗaya ba. Sai ya nuna ya yi asara, ya nuna kai ka ƙaru, kuma sakacinsa na iya rage abin da za a ba shi, tunda shi aka gaya wa ya yanke. Aya ta 2268 ta ce ana ɗaukar mutum a kan kyakkyawar niyya har sai mai zargi ya kawo hujjar akasin haka. Wanda ya yi tafiya Tawa ko Damagaram wata uku tele na kashe bai ƙaru da komai ba. Wanda ya kalli kowane wasa na kakar bana yana sane ba ya biya, ya ƙaru, kuma shi ma ya san ya ƙaru.

Inda talaka ke faɗuwa shi ne wajen hujja. Aya ta 1315 ta ce mai neman a biya shi sai ya tabbatar da bashin, amma ta ƙara da cewa wanda ke cewa nauyi ya sauka daga kansa shi ma sai ya tabbatar da abin da ya sauke shi. Mai igiya yana da littafi mai sunanka da watannin da ka biya a baya. Kai me kake da shi? Magana ce ka faɗa a ƙofar gida bayan sallar la'asar, ko ka aiki yaro ya faɗa. Idan ya ce bai ji ba, zancen ya tashi daga an soke an manta ya koma ba a soke ba an ƙi biya, kuma cikakken kuɗin wata-wata ne a kanka. Mu mutane ne masu ciniki da baki, kuma ina ganin darajar hakan, amma shiga abonema da baki ta fi fita da baki sauƙi.

Mafi yawan masu wannan tambaya a Yamai ba kotu ce ke damun su ba. So suke su san ko abin da iyalinsu ke kallo halal ne. A fiƙihu ma ba a kiran wannan sata mai haddi, domin ita tana da sharuɗɗa: a ɗauke dukiya a ɓoye daga ma'ajiyarta, kuma ta kai nisabi, wato rubu'in dinari. Amma faɗuwar haddi ba ta halatta abu. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna sai dai ta fatauci bisa yardar juna, kuma hadisi ya zo cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Wasu sukan ce ai tsintuwa ce. Tsintuwa ita ce wadda ba a san mai ita ba, kuma ita ma sai an yi cigiyarta shekara. A nan an san mai abu, lambar wayarsa tana cikin wayarka. Akwai ƙa'idar da ake dangantawa ga Imam Shafi'i cewa ba a jingina wa mai shiru magana, wadda ta yi daidai da abin da kotun 1870 ta faɗa ƙarnuka bayansa. Malaman ƙa'idojin fiƙihu sun ƙara mata wani rabi: shiru a wurin da ake bukatar magana, bayani ne. Wannan rabin na biyu yana da muhimmanci, domin shi ne ke nuna cewa shirun wanda bai sani ba daban yake da shirun wanda aka sanar da shi ƙarara.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu cewa rabo ne ita ce ba a rage wa kowa komai ba. Ko ka kalla ko ba ka kalla ba, hoton yana bin waya. Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa nake ganin zunubin wannan bai kai na mai jan kuran ta bayan fage ba, wanda ke ƙara wa layin unguwa nauyi. Amma mazhabar Malikiyya da muke bi, tare da Shafi'iyya da Hanbaliyya, tana ɗaukar amfanin abu a matsayin dukiya, ba sai jikin abin kaɗai ba. Shi ya sa wanda ya mamaye gidan wani ya zauna a ciki ake bin sa kuɗin haya ko da bai fasa ko bulo ɗaya ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira haƙƙi ne mai kima da shari'a ke karewa. Ban da haka, kuɗin abonema shi ake tarawa a biya masu shirye-shirye, a sayi izinin nuna ƙwallo, a biya ma'aikata. A igiyar unguwa lissafin ya fi kusa da ido: mutum ɗaya ne ke sabunta dekodoji kowane wata daga abin da gidaje suka ba shi, gidan da ke kallo ba ya biya kuwa sauran gidajen ne ke ɗauke da shi.

Akwai wani ƙulli da ba a cika son taɓawa ba. Shi kansa mai igiyar, da izinin wa yake rabawa? Abonemar gida don gida ɗaya ake sayar da ita. Wanda ya sayi irinta ya raba wa gidaje talatin yana karɓar kuɗi, ba tare da yarjejeniya da masu tashoshin ba, yana sayar da abin da ba nasa ba ne. Irin wannan da wuya ya kai kowa kotu, don shi ma ba zai so a tambaye shi takardunsa ba. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin lasisin su cinye masa. Ni ban ga haka ba. Idan asalin abin ba shi da tsabta, maganinsa a fita daga ciki gaba ɗaya. Cin haƙƙin wanda ya ci haƙƙin wani ba ya mayar wa mai haƙƙin farko komai.

Sabon ɗan haya kuma matsayinsa ya ɗan bambanta, tunda bai taɓa ƙulla komai da kowa ba. Soka waya sau ɗaya don a ga ko ta eriya ce ba laifi ba ne. Amma da ya ga tashoshin da kowa ya san na kuɗi ne, ya san wani ne ke biya ko wani ne ya manta. Mai yiwuwa tsohon ɗan hayar ne aka yi wa canjin wurin aiki, ana ta rubuta masa bashi bai sani ba. Mai yiwuwa kuma mai gidan ne ya sa kuɗin cikin haya. Tambaya ɗaya ga mai gida tana warware wannan: Baba, wayar nan da na tarar a ɗaki, ta wa ce, wa ke biya?

Abin da ke fitar da mutum daga duk wannan ba shi da tsada. Saƙo ne a rubuce, ta waya ko WhatsApp, mai ɗauke da kwanan wata: Salamu alaikum Malam, na sanar da kai tun ranar kaza na daina abonema, har yau hoto bai ɗauke ba, don Allah a zo a yanke, ba ni da niyyar sabuntawa. Idan kamfani ne, a kai takarda kwafi biyu ofishinsu, a buga wa ɗaya hatimi a dawo da ita gida, a haɗa da resin biya na ƙarshe. Idan dekodar tasu ce a mayar, a karɓi shaidar mayarwa. Idan ta banki ake cirewa, a je bankin a dakatar. Daga ranar wannan saƙo ba wanda zai ce ka ɓoye, kuma shirunsu ya zama shirun wanda ya sani. Idan amsa ta zo cewa bar shi kawai Alhaji, sai mun zo, to an samu yardar mai abu, a kalla da kwanciyar rai, in dai mai maganar yana da ikon faɗin haka. Yaron da aka aiko ba shi da ikon kyautar da kayan maigidansa. Idan kuma ba amsa, ta fuskar doka matsayinka ya yi ƙarfi sosai. Ta fuskar addini ni dai na fi natsuwa da a kwance wayar daga bayan tele. Na san ba abu ne mai sauƙi ba a gidan da yara suka saba, musamman lokacin gasar cin kofin Afirka, amma wanda ya soke abonema ya riga ya yanke shawarar zama babu ita, kwance wayar cika shawararsa ce kawai.

Kamfanoni da masu igiya su ma akwai magana a kansu, kuma ba ƙarama ba ce. Aya ta 1134 ta wajabta a cika yarjejeniya da kyakkyawar niyya, wannan kuwa ya hau kan mai sayarwa kamar yadda ya hau kan mai saye. Wanda aka ce ya yanke ya ƙi yankewa da gangan, yana jira wata shida su taru ya zo da lissafi, tarko ya ɗana, kuma bai cancanci ko dala ba. Idan aka zo da irin wannan lissafi, kada magidanci ya firgita ya biya a tsaye, kada kuma ya yi zagi. Ya nemi a rubuta masa abin da ake bin sa da dalilinsa. Tara ba ta hau kansa sai in tana cikin yarjejeniyar da ya amince da ita ko kotu ce ta yanke, kuma ba wanda ke da ikon shiga ɗakinsa ya ɗauki tele a madadin bashi ba tare da hukunci ba. Idan ya san ya kalla yana sane kafin ya sanar, adalci shi ne ya biya kimar waɗannan watanni, a yi ragi saboda sakacin ɗaya ɓangaren, watannin bayan sanarwa kuma a zubar da su. Kuɗin da ake jayayya a kai yawanci bai kai abin da za a kashe a zirga-zirgar kotu ba, don haka zama a gaban mai unguwa ko limamin masallaci da shaidu biyu ya wadatar, a rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya sa hannu, a yanke wayar a ranar kowa yana gani.